Kakar Kokowa a Adar: Daga Dandalin Ƙauye Zuwa Takobin 1975

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci, yau maganar kokowa za mu yi.

Kowa ya san takobi. In lokacinshi ya zo, mai shago shina barin ciniki, mai amalanke shina ɗaure jakinshi, a kewaye rediyo ana saurare. Amma da yawa cikin yaran yanzu ba su san inda abin ya faro ba. A nan Tawa ya faro, cikin shekarar 1975. Kuma tun kafin a ƙera takobin, kokowa tana nan a dandalin ƙauyukanmu, tana zuwa da lokacinta tana tafiya da lokacinta, kamar shuka da girbi. Za mu duba yadda kakar kokowa take tafiya a ƙauye, da yadda ta hau har ta zama wasan ƙasa baki ɗaya, da abin da ya sami dandalin ƙauye daga baya.

Ƙasar da abin ya faru

Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. Bisa tudu fako ne da tsakuwa. Cikin fadama nan albarka take. Garuruwanta sanannu ne: Tawa, Illela, Keita, Tamaske, Buza, Garhanga, Bambay, Kalfu, Barmu. In ka yi arewa da Tawa, gonaki suna raguwa, wurin kiwo shina ƙaruwa, har ka isa Tabalak da Abalak da Cintabaradan, inda Buzaye da Fulani sunka fi yawa. Ruwan da ke sauka Tawa a shekara bai cika wuce milimita 400 ba. A 1961 gwamnati ta yi doka ta shata iyakar noma ta arewa, kuma iyakar nan ta ratsa cikin jaharmu. Ke nan manomin arewacin Adar shina noma ne a bakin iyaka. Shekara guda rumbu shi cika, shekara guda shi tashi wofi.

Mutanen farko da anka sani a ƙasar nan su ne Azna. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Adar da yaƙi. Daga zuriyarshi ne sarautar Sarkin Adar ta fito, wadda ta zauna Illela. Garin Tawa shi kuma ya tashi ne daga ƙauyuka biyu maƙwabta, Bilbis da Fakuwa. Malam Jibo Hamani, masanin tarihi, ya rubuta littafi a kan tarihin Adar kafin zuwan Nasara, anka buga shi a 1975.

Littattafan tarihi sun riƙe sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu. Sunayen ƴan kokowa na wancan zamani kuwa, bakin makaɗa da tsofaffi kaɗai ya riƙe su. Makaɗi in ya mutu, da abin da ya sani shike tafiya. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Yadda kakar kokowa take tafiya a ƙauye

Da damana babu mai lokacin wasa. Ƙarfin saurayi duk gona ke cinye shi: shuka, noman farko, maimai, gayya. Sai an yanke hatsi an ɗaure, wajen watan Oktoba, dami ya shiga rumbu, sa'an nan ganga take fitowa. Ciki ya cika, jiki ya huta, ga farin wata. Nan kakar kokowa take farawa.

Da farko ƴan gari ke gwada junansu. Bayan sallar lisha makaɗi shi buga ganga a dandali. Yara ƙanana su ke buɗe fili. In sun gaji, sai matasa su shiga. Manyan ƙarti ba su tashi sai dare ya yi nisa. Ta haka gari ke gane wane ne gwaninshi na bana.

Daga nan sai gayyata tsakanin gari da gari. Sarkin samari shi aika da goro wani ƙauye, a sa rana. Baƙi su taho a ƙasa ko bisa jakai, da makaɗinsu, da ƴan rakiya. Masu masauki su ke ɗaukar nauyin ci da sha. Mata su daka fura, a tuƙa tuwo, wani lokaci a yanka akuya. Ku lura da wannan da kyau. Garin da rumbunshi ya tashi wofi ba shi iya kiran baƙi. Shi ya sa tsofaffi in suna tuna wata shekara ta kokowa, da maganar amfanin gona suke haɗa ta.

Ɗan kokowa shina shiga fili da walki, da guru a ƙugu, da kambu a damtse, da layu. Shina rawa, shina kirari, shina faɗin sunan ubanshi da na garinshi da na waɗanda ya taɓa kayarwa. Makaɗi shina zuga shi. In ya ga wanda shike so, shi je gabanshi shi miƙa hannu. Wanda anka nema shina iya amsawa, shina iya ƙi in ya ga ba tsaranshi ba ne. Ƴan gida ɗaya ba su kamawa da juna gaban baƙi. Dattawa su ne alƙalai. In rikici ya taso, su ke tsayar da ganga, kuma in ganga ta tsaya, wasa ya tsaya.

Abin da mai nasara ke samu ba shi da yawa: goro, ƴan kuɗin da ake liƙa mashi a goshi, adiko daga hannun budurwa. Babban abin shi ne suna. Saurayin da ya kada gwanin wani gari, ranar kasuwa nuna shi ake yi da baki. Neman aure ma shina yi mashi sauƙi. Wanda anka kada kuma ba a yi mashi wulaƙanci. Al'ada ita ce mai nasara shi ɗaga ɗan'uwanshi, su rungumi juna, su ci tuwo a akushi ɗaya. Badi ranar ramuwa tana nan.

Haka ake yi cikin ɗari, ƙauye bayan ƙauye, ranar kasuwa, ranar buki, ranar naɗin sarauta. In zafi ya kama, ruwan rijiya ya yi ƙasa, hatsi ya fara raguwa a rumbu, sai ganga ta koma rataye. Kaka ta ƙare.

Shekarun da ganga ta yi shiru

Daga 1968 ruwa ya fara ƙaranci a ƙasashen Sahel. Shekara bayan shekara damana tana zuwa guntuwa. A 1973 abin ya kai maƙura. Hatsi ya ƙone a gona tun bai fitar da kai ba. A arewa, shanu da tumaki da raƙuma sunka mutu a bakin rijiyoyi. Makiyayan da sunka rasa dukiyarsu sunka gangaro garuruwa suna neman abinci. Wasu sunka kai har Yamai, inda anka tara su a sansanin Lazare. Samarin Adar masu ƙarfi sunka bazu Nijeriya da bakin teku neman abin da za su aiko gida.

A irin wannan hali wa zai buga gangar kokowa? Mai jin yunwa ba shi kirari. Garin da ke auna hatsi da ƙoƙo ba shi kiran baƙi. Ƙauyuka da yawa sun ga kaka ta zo ta wuce babu dami, babu ganga.

Ranar 15 ga watan Afrilu 1974 sojoji sunka kifar da gwamnatin Jori Hamani. Laftanan-kanal Saini Kunce ya hau mulki. Cikin dalilan da sojoji sunka bayar har da yadda anka tafiyar da taimakon abinci lokacin yunwa. Da damanar 1974 ruwa ya komo. Ba a warke duka ba, don garken da ya mutu ba shi tashi cikin shekara guda. Amma an yi girbi, an ɗaure dami, mutane sun fara komowa gida.

Sabuwar gwamnati ta farfaɗo da samariya, wadda tsohuwar al'adar ƙasar Hausa ce. Ta sa anka kafa ta gari gari, unguwa unguwa, da sarkin samari da muƙarrabanshi. Samariya ita ke yin gayyar gina aji, da share gari, da dashen itace. Ita ce kuma ke da dandali da ganga. Saboda haka, ranar da gwamnati ta so ta tara ƴan kokowar ƙasa, hanyar da za ta bi tana nan a shirye.

Tawa, 1975

Nijar ƙasa ce mai faɗi. Mutumin Difa da mutumin Tera, tsakaninsu ya fi kilomita 1000, kuma harshensu ba ɗaya ba ne. Mahukunta suna neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Bafillace da Buzu wuri guda, su yi murna tare bayan shekarun baƙin ciki. Ƙwallon ƙafa a lokacin wasan ƴan birni ne da ƴan lakwal. Kokowa kuwa manomi ya san ta tun shina yaro, kuma ba ta bukatar takalmi ko raga. Rairayi da ganga sun isa.

A lokacin ƙasar tana da jahohi 7: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. Jahar Tawa ita kuma tana da gundumomi 7: Tawa, Illela, Keita, Buza, Madawa, Birnin Ƙwanni da Cintabaradan. Cikin shekarar 1975 anka kira gwanayen jahohi a garin Tawa, don gasar kokowa ta ƙasa ta farko. Tawa ta dace da taron. Tana tsakanin gabas da yamma, tana tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo, kuma tana cikin jahohin da fari ya fi yi wa ɓarna. Garin da ya ga ƴan gudun yunwa shekara biyu da sunka wuce, ga shi yau shina tarbar baƙin wasa.

Wanda ya ɗauki takobin farko shi ne Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jahar Maraɗi. Ke nan masu masauki ba su ci ba. Baƙo ya zo gidanmu, ya kada kowa, ya tafi da takobi. Haka kokowa take tun a ƙauye: mai gida shina ba da tuwo, amma nasara ba a rabonta da ludayi.

Daga wannan shekara anka mai da gasar mai zagayawa, bana wannan jaha, badi waccan. Cikin shekarun farko sunaye uku sunka cika bakin jama'a: Kantu na Maraɗi, Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa. Har yau in tsofaffi sunka zauna hira, gardamar wa ya fi wani cikinsu ba ta ƙarewa.

Mene ne sabo a cikin abin da anka yi a 1975? A da, sunan ɗan kokowa shina kaiwa ne iyakar inda ƙafarshi da gangar makaɗinshi sunka kai. Gwanin Barmu ana iya saninshi a Kalfu da Tawa, amma mutumin Gaya bai taɓa jin labarinshi ba. Da gasar ƙasa ta zo, rediyon Muryar Sahel ta riƙa kai labarin fili har cikin bukkar makiyayi. Daga baya talabijin ta ƙaru. Manomin da bai taɓa shiga aji ba ya zama sananne a ƙasa duka, shugabanni suna miƙa mashi hannu. Makaɗan kokowa irin su Sagalo, muryarsu ta shiga kowane gida. Ƴan cali-cali, masu kwaikwayon ƴan kokowa don ba da dariya, su ma sun sami fili.

Tsanin da ake hawa

Takobi ya mai da kokowa kamar tsani. Matakin ƙasa shi ne dandalin ƙauye. Daga nan gwanaye su haɗu a gunduma. Waɗanda sunka fita su haɗu a babban garin jaha, a tace su. Yanzu jahohi 8 ne, tun da anka raba Tilaberi da birnin Yamai. Kowace jaha tana kawo mutum 10. In kun lissafa, 8 sau 10 ya ba da 80. Mutum 80 ke shiga fili, takobi kuwa guda ɗaya ne. Ana yin wajen kwana 10 ana gwabzawa.

Ga yadda ake tacewa. Jaha tana karawa da jaha, mutum da mutum. Wanda anka kada sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da kamawa don jaharshi. Waɗanda ba su faɗi ba su ake ƙirgawa kowace yamma. Kullum suna raguwa, har a haɗa su da junansu, har su rage biyu. A gasar takobi ba a raba mutane bisa nauyin jiki. Siriri shina iya gamuwa da ƙato, kuma an sha ganin dabara ta kada ƙarfi.

Dokoki ma sun sake. A dandali dattijo ke raba gardama. A filin gasa akwai alƙali mai usur, da masu taimaka mashi, da agogo, da doka a rubuce. Fili da'ira ne na rairayi, an kewaye shi da buhunnan yashi. Wanda ke gudun kamu ana yi mashi gargaɗi, kuma gargaɗi in ya taru shina kada mutum ko bayanshi bai taɓa ƙasa ba. Mai nasara ana ba shi takobi, da doki da kayanshi, da riga da rawani. Kuɗin da ake haɗa mashi da su sun riƙa ƙaruwa har sunka kai miliyan 10 na sefa, sunka wuce.

Jahar Tawa ba ta zauna baya ba. Bayan Kadade an yi Kasu Kazuga, an yi Kwamando, an yi Haruna Abdu wanda ya ɗauki takobi fiye da sau ɗaya. A 2017 gasar ta komo Tawa, Yahaya Kaka ya riƙe takobi a gida. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi har sau 6 tsakanin 2015 da 2023, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin shi. A watan Disamba 2024, a garin Doso, gaban mutanenshi, Abba Ibro na Tawa ya yi nasara a kanshi a karon ƙarshe. Wannan ita ce gasa ta 45. Ba kowace shekara anka yi ta ba. A ƙarshen 2020, lokacin annobar korona, fili a rufe ya kwana.

An girmama wasu tsofaffin gwanaye da sa sunansu ga filaye. Filin Maraɗi sunan Kantu gare shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Tawa kuma sunan Hamidin Mai Dare. Kokowar Nijar ta fita waje kuma. A wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da anka yi a Yamai a watan Disamba 2005, an yi kokowar gargajiya. A Senegal ma kokowa ce babban wasa, sai dai a can akwai irin wadda ake haɗawa da naushi.

Abin da ya sami matakin ƙasa

Duk ɗan kokowar da kunka ji sunanshi a rediyo, a dandali ya fara, yaro cikin ƙura, gaban dattawan garinsu. In dandali ya mutu, daga ina gwanayen gobe za su fito? To, abubuwa uku suna rage mashi ƙarfi.

Na farko biɗa. Mutanen Adar an san su da tafiya. Da an gama girbi, samari su kama hanyar Abijan, ko Nijeriya, ko Kamaru, ko Libiya, ko Aljeriya. Lokacin tafiya biɗa shi ne daidai lokacin kokowa. Ba a ganin laifinsu, don hatsin gona sau da yawa ba shi kai gida har wata damana. Amma ganga tana kira, masu amsawa suna nesa. Bayan farin 1984, da anka buɗe babban aikin gyaran ƙasa na Keita da taimakon Italiya, mata ne sunka yi mafi yawan aikin ɗaukar duwatsu da dashen itace, don maza ba su gida. Garin da mata ke tare kwari da hannunsu saboda babu maza, wa zai shiga dandalinshi?

Na biyu kuɗi. Tun da kyauta ta yi girma, yaron da ya nuna ƙarfi ba shi daɗewa a ƙauye. Masu hali su ɗauke shi su kai birni, su ciyar da shi. Wani ma sai ka gan shi shina kokowa da sunan jahar da ba nan anka haife shi ba. Alheri ne gare shi da iyayenshi. Sai dai ƙanenshi sun rasa wanda za su kalla su koya, kuma wanda ya saba da kyautar miliyan ba shi son kamawa don goro.

Na uku rashin kwanciyar hankali. A arewa maso yammacin jaharmu an sha kai hari. A watan Maris 2021 an kashe fiye da mutum 100 a yankin Tiliya. Inda mutane ke kwana da tsoro, ba a taron dare, ba a tafiya wani gari cikin farin wata.

Duk da haka akwai abin da ke taimako. Noman rani, wanda gwamnati ta ƙarfafa bayan 1984, shina riƙe wasu samari a gida. Inda akwai fadama ko tabki, kamar Tabalak, ko ƙasar albasa wajen Galmi da Tamaske, saurayi shina iya samun kuɗi ba tare da ya ƙetare iyaka ba. Garin da samarinshi ke gida da rani, gangarshi ba ta rasa masu amsawa.

Wani misali daga Amurka

Bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa. A Amurka akwai wani wasa da suke ji da shi kamar yadda muke ji da kokowa. Ƙwallo ne mai siffar ƙwai. Ana rungumar shi a gudu, abokan gaba suna tarewa suna kayarwa. Kowane gefe mutum 11 ne. Manyan makarantu suna yin shi daga watan Satumba zuwa Disamba, wato daidai kakarmu da farkon ɗari.

Su ma tsani gare su. A 1973 ƙungiyar wasannin makarantun ta raba su mataki uku. Na sama su ake nunawa a talabijin, filinsu shina cin dubban mutane. Na mataki na uku ƙananan makarantu ne. Ba a ɗauke wa ɗalibi kuɗin karatu don ya iya wasa. Shina yi ne don sha'awa da sunan makarantarshi, kamar yadda saurayinmu ke kamawa don sunan garinshi. A shekarar nan ta 1973, makarantar Wittenberg ta jahar Ohayo ita ta zama zakarar mataki na uku. A wasan ƙarshe ta ci makarantar Juniata 41 da 0.

Ta yaya munka san wannan, alhali ya fi shekara 50, kuma ƙananan makarantu ne? Don an rubuta. Kowane wasa, an rubuta ranarshi, da wurin, da wanda ya ci, da nawa ya ci. Jikan wanda ya yi wasan shina iya buɗe takarda yau shi ga sunan kakanshi. Mu kuwa mun san wanda ya ɗauki takobi a Tawa a 1975, don gwamnati ta rubuta. Amma wa ya kada wa a dandalin Afala a kakar 1974? Wane ne gwanin Takanamat a shekarar da anka yi gasar farko? Amsar tana cikin kan wasu tsofaffi, kuma kullum suna raguwa.

Aikin da ya rage gare mu

Ƴan'uwa, a da muna da hanzari, don ba mu iya rubutu ba. Yanzu mun iya. Karatun da munka koya shina amfani wajen awon hatsi a kantin haɗin gwiwa, da karanta takardar likita, da aika wasiƙa ga ɗan da ke Abijan. To shina amfani a nan ma.

Kowace cibiya ta sami littafi guda na kokowar gari. A fara da tsofaffi. A je wurinsu da ladabi, da ɗan goro, a tambaye su: Baba, su wa anka yi a garin nan? Ɗan wane ne? Da wa ya kama, a wane gari? Wa ke yi mashi kiɗi? In tsoho bai san shekara da lamba ba, a tambaye shi abin da ya faru a shekarar: kafin yunwa ne ko bayanta, zamanin Jori ne ko zamanin Kunce, wane ne mai gari a lokacin. Malamin cibiya zai taimaka a gano lambar. A tambayi tsofaffin mata su ma. Su sunka daka furar baƙi, su sunka yi guɗa, kuma sau da yawa sun fi maza riƙe sunaye. In tsofaffi biyu sunka saɓa, a rubuta maganar kowa da sunan wanda ya faɗe ta.

Sa'an nan a rubuta na bana. Ranar da anka yi wasa, garin da anka gayyata, sunan kowane ɗan kokowa da na ubanshi, wanda ya kada, wanda anka kada, waɗanda sunka yi kunnen doki. A ƙasan shafi a ƙara layi ɗaya: yadda damana ta kasance, da dami nawa gida mai matsakaicin hali ya samu. Bayan shekara 20, wanda ya buɗe littafin nan zai karanta tarihin kokowar garinku, zai kuma karanta tarihin rumbunanku.

A ajiye littafin wurin mai gari ko wurin malamin cibiya, cikin akwati, nesa da gara da ɗigon ruwa. Wanda ya rubuta labarin wani tsohon gwani na garinsu, shi ba malaminshi a aiko muna, mu buga shi sauran garuruwa su karanta.

Ga iyaye kuma da sarakunan samari: in Allah ya ba da kaka mai kyau, a sa ranar kokowa tun kafin samari su kama hanya. A bar yara ƙanana su buɗe fili kamar yadda anka saba. A kira maƙwabta, a ciyar da su, a rabu lafiya.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi ba ƙasarmu zaman lafiya, shi maido matafiyanmu gida lafiya. Amin.